Ciwon Da Malam Ashafa Ya Ɓoye

Shafi na 14

Da sunan Allah nake farawa. Masu yi mini saƙo tun shekaranjiya kuna tambayar ko an karanta wa Hajiya 'Yardada takardar nan, to ga amsarku. Duk mai uba ko miji da ya haura hamsin, ta karanta a natse.

*

Sai da Husaina ta karanta takardar sau biyu sannan ta ninke ta.

Hajiya 'Yardada tana zaune a bakin gado tana kallon bakin 'yar tata. Ita ba ta yi boko ba. Ranar da ta tsinci takardar a aljihun rigar mijinta Malam Ashafa, tambarin asibiti kawai ta gane. Shi ya sa ta aika unguwar Shahuci aka kira mata Husaina, wadda ta shekara tara tana aikin jinya.

"Ki faɗa mini yadda take. Kada ki rage komai."

"Inna, bari Baba ya dawo daga masallaci."

"Ba zan bari ba. Wata biyar ina kallon mutumin nan yana zarya da buta. Yana wanke wandonsa da kansa yana shanyawa a bayan ɗaki, shi da ko hularsa bai taɓa wankewa ba. Ni yarinya ce?"

Husaina ta sunkuyar da kai.

"Ciwon daji ne, Inna."

'Yardada ba ta motsa ba. A hankali ta yi salati, ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu.

"A ina?"

"Akwai wata 'yar tsoka da maza suke da ita a ƙasan mafitsara, ba ta wuce girman goro ba. Furostet ake ce mata. Hanyar fitsari ta cikinta ta ratsa. To a nan yake."

"Tun yaushe ya sani?"

Husaina ta sake duba saman takardar.

"Tun kafin azumi."

Tun kafin azumi. Sai yanzu 'Yardada ta gane abin da ya sa ya dinga jan asham da gajerun surori a bana. Tsofaffin unguwarsu ta Yakasai har gida suka riƙa zuwa suna sa masa albarka, wai Liman ya tausaya wa gwiwoyinsu. Yana amsawa yana murmushi, ita kuma tana bayan labule tana jin daɗi.

Gyaran muryarsa suka ji a soro. An idar da Azahar.

Ya shigo da sallama, carbi a hannu. Idonsa ya sauka a kan takardar da ke cinyar Husaina, ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan ya cire takalmi ya zauna a kan darduma kamar kullum.

"Husaina, yaushe a gari?"

"Ɗazu, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya maigidan naki da yaran?"

"Suna gaishe ka."

Ya juya wajen matarsa.

"Wa ya ba ki izinin shiga aljihuna?"

"Wanki ne ya ba ni, Malam."

Ya yi ɗan murmushi.

Husaina ta matso kusa, ta zauna a ƙasa.

"Baba, likita Hashim ya rubuta a nan cewa ya ba ka shawarar a yi aiki, ka ƙi. Sau biyu ya rubuta."

"Sau uku ne. Na ukun bai rubuta ba."

"Me ya sa?"

"Ya ce za a yanka a cire abin gaba ɗaya. Na ce to, bayan nan fa? Ya ce wasu kan samu yoyon fitsari, wasu na wata biyu, wasu har ƙarshen rai. Na ce ni a wane layi nake? Ya ce ba shi da wannan sanin. Na gode masa na tashi."

"Baba, saboda wannan kawai za ka bar ciwon daji a jikinka?"

"Kawai kika ce?"

Bai ɗaga murya ba, amma Husaina ta sauke idonta ƙasa.

'Yardada ta ce, "Malam, a soron nan na ji ka da kunnena kana gaya wa mutane cewa mai irin wannan lalura sallarsa ta yi. Kai ka ce Allah bai ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba."

"Sallarsa ta yi. Amma ya shiga gaba ya ja masu lafiya, wannan malamanmu ba su so shi ba. Shekara talatin da ɗaya ina gaban sahu, 'Yardada."

Ya ajiye carbin a gefe.

"Kun san abin da ya sa mahaifina ya bar limanci?"

Husaina ta ce, "An ce mana ciwon gwiwa ne."

"Ni na ƙirƙiri maganar gwiwa. Ina ɗan shekara ashirin da ɗaya, ina bayansa a sallar La'asar. Da ya ɗago daga sujada ta ƙarshe na ga buzun ya jiƙe. Ya sallame, ya ƙi tashi, ya yi ta lazimi har kowa ya watse. Da ya rage daga ni sai shi, ya ce, Ashafa, naɗe buzun nan ka sa a cikin rigarka. Haka na kawo shi gidan nan. Daga ranar bai ƙara shiga gaba ba. Shekara bakwai yana ɗakin can, mutumin da ake tahowa daga Bici a ɗauki karatu a wajensa, ya koma ba ya son kowa ya zauna kusa da shi. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau."

Husaina ta share ido da gefen mayafinta.

'Yardada ta dube shi.

"Na sani, Malam."

Ya ɗago.

"Kin san me?"

"Shekara uku na riske shi da rai a gidan nan. Wa kake zaton yake wanke shimfiɗarsa? Mahaifiyarka Inna Hajo hannunta ya riga ya gaji. Idan ka fita karatu da hantsi sai ta miƙo mini ta taga, in wanke in shanya a kan soro, in kwashe kafin ka dawo. Ita ta ce kada in bari ka gane na sani, wai za ka ji nauyina."

"Shekara talatin da bakwai ba ki faɗa ba."

"Kai ma ba ka faɗa ba."

Suka dubi juna. Shi ya fara kawar da kai.

"Kuma bari in gaya maka," ta ci gaba, "ban taɓa ganin ya ragu a idona ba. Idan na kai masa kunu sai ya sa in biya masa Fatiha ya gyara mini. Rabin karatun da nake sallah da shi yau a wajensa na samu, a cikin ɗakin da kake cewa ba ya son a zauna."

Malam Ashafa ya shafa gemunsa.

Husaina ta buɗe takardar, ta juya bayanta.

"Baba, akwai abin da ba ka faɗa ba. A nan ƙasa likita ya rubuta wata hanyar. Ya ce kun yi maganarta."

"Mun yi."

"Wace hanya kuma?" in ji 'Yardada.

"Aikin ƙanƙara, Inna. Su likitoci kirayo suke ce masa da Turanci. Ba a yanka mutum."

"Ƙanƙara? Irin wadda ake farfasawa a Ƙofar Wambai a sa a zoɓo?"

Husaina ta yi 'yar dariya duk da hawayen.

"Ta fi waccan sanyi nesa ba kusa ba. Ana sa wa mutum maganin barci, sai a shigar da wasu siraran allurai ta fata har cikin tsokar. Likita yana kallon komai a jikin wata na'ura kamar talabijin. Sai a tura iska mai tsananin sanyi ta cikin alluran, wajen ya daskare. A bari ya narke, a sake daskarar da shi. Ƙwayoyin ciwon ba sa jure wannan, mutuwa suke yi."

"Shi kuma fitsarin ba zai daskare ba?"

"Ana zura wata roba mai ruwan ɗumi a hanyar, tana kare ta har a gama. Kwana ɗaya ko biyu a sallame shi. Zai zauna da robar fitsari kamar sati biyu, sannan a cire."

"Yoyon da yake tsoro fa?"

"Ba zan yi miki ƙarya in ce babu ba. Yana iya faruwa. Amma ga wanda ba a taɓa yi wa wani aiki a wajen ba, kaɗan ne ake samu. Kuma sai an ci gaba da gwada jininsa, don wani lokacin ciwon yakan dawo."

"A nan Kano ake yi?"

Malam ne ya amsa.

"Babu na'urar a nan. Shi likitan a ƙasar waje ya ga ana yi. Yana cikin waɗanda suka dawo gida lokacin da sojoji suka bar mulki suka koma bariki. Ya ce yana da abokin aiki a Alƙahira da yake yi, zai haɗa ni da shi."

'Yardada ta gyara zama.

"To, Malam, ban gane ba. Ka ce yanka kake tsoro, ga wanda babu yanka. Ka ce yoyo, an ce wannan da sauƙi. Alƙahira kuwa tun ina amarya kake cewa kana son ka ga makarantun can. Me ya rage?"

Ya ɗauki carbin ya sake ajiyewa.

"Husaina."

"Na'am, Baba."

"Je ki duba mini ko akwai sauran fura a randa. Ki dama a can."

Husaina ta dubi mahaifiyarta, ta miƙe ba musu. Ita ta riga ta san abin da ya rage. Ta fita ta saki labule.

Daga lungu ana jiyo lasifikar motar 'yan siyasa tana wucewa, har ta yi nisa.

"Ina jin ka," in ji 'Yardada.

"Likitan ya zana mini a takarda. Ya ce akwai wasu jijiyoyi manne da tsokar, hagu da dama. Idan sanyin ya kama ta, su ma yakan kama su."

"Na mene ne jijiyoyin?"

Ya kalli bango.

"Na zaman iyali."

Ta gane. Ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi kamar wata sabuwar amarya, ita da take da jika goma sha ɗaya.

"Ya ce a wannan aikin, mafi yawan maza ba sa komawa yadda suke. Na yankan ma yakan taɓa, amma na ƙanƙarar ya fi. Bai ɓoye mini ba."

"Shi ne ka ƙi."

"Ban ƙi ba, ban kuma yarda ba. Wannan ba haƙƙina ba ne ni kaɗai. Kin san sau nawa mata suka zo soron nan da waliyyansu a kan irin wannan magana, na ce musu suna da gaskiya? Ba zan je in sa hannu a takarda in dawo miki da abin da ba ki zaɓa ba. Sai na tambaye ki. Ni kuma wata huɗu ina neman bakin da zan tambaye ki da shi, na rasa."

"Sai ka zaɓi ka zauna ciwo yana cin ka."

"Kullum cewa nake gobe."

Ta san abin da ake so mace mai shekarunta ta ce: haba Malam, ai mun wuce nan. Ta ji maganar ta zo har bakinta, ta mayar da ita. Bai taɓa yi mata ƙarya ba sai a wata huɗun nan, ba ta ga dalilin da za ta rama da wata ba.

"Ba zan ce maka ban damu ba," ta ce. "Idan na faɗa, ƙarya na yi. Mijina ne kai, kuma ban taɓa gajiya da kai ba."

Ya rufe ido.

"Idan abin ya tafi zan yi kewarsa. Wataƙila wata rana ka ga ina fushi babu dalili, ka yi haƙuri da ni. Amma na zauna da mata da yawa a cikin takaba, Malam. Na ga abin da suke nema a ɗaki idan baƙi sun watse. Wanda za su gaya wa cewa gishiri ya yi tsada, ko jikar wance ta fara tafiya. Shi suke nema."

"'Yardada..."

"Ban gama ba. Ka ce haƙƙina ne?"

"Naki ne."

"To tunda nawa ne, ni zan faɗi yadda za a yi da shi. Na yafe, duniya da lahira. Idan kana son shaidu a kira."

"Ba sai an kira ba."

"Amma akwai wanda ban yafe ba tukuna. Ka bar ni wata huɗu ina dafa maka sassaƙe da jiƙe-jiƙen sanyi, ina zaton sanyin mara ne. Kana karɓa kana sha kana cewa da sauƙi."

"Ɗaci ne da su kuwa."

"Allah ya ƙara."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba, har sai da ya dafa ƙugunsa ya ɗan yamutsa fuska. Da ta lafa ya miƙo hannu ya kama yatsunta, abin da ba ya yi da rana.

"Idan na dawo kuma yoyon ya same ni fa? Ko kaɗan ne?"

"Sai na'ibinka Malam Isyaku ya shiga gaba, kai ka tsaya a bayansa a sahun farko. Karatun soro kuwa ba za a fasa ba. Ɗakin can ba za ka shige shi ka rufe ba, ina raye."

Ya jinjina kai a hankali.

"Kira mini yarinyar nan."

Husaina ta shigo da kwanon fura, tana satar kallon fuskokinsu. Ta durƙusa ta ajiye.

"Zan je," ya ce. "Ki gaya wa likitan na amince."

"Alhamdulillahi. Baba, Allah ya saka da alheri."

"Amma akwai sharaɗin da ya gindaya. Ya ce ƙanƙarar ba ta da amfani sai idan ciwon yana nan a inda ya fara. Idan ya fita ya shiga wani wajen, magana ta canza."

Fuskar Husaina ta sauya.

"Haka ne. An duba?"

"Da na gaya masa bayana yana ciwo, ya tura ni aka ɗauki hoton ƙashi."

"Bayanka yana ciwo? Tun yaushe?"

"Bai fi wata guda ba. Zaman karatu ne."

"Yaushe aka ɗauki hoton?"

"Yau kwana goma sha biyu."

"Ina sakamakon?"

"Ban koma ba."

'Yardada ta dubi 'yarta. Ba ta san abin da ya haɗa ciwon mafitsara da ƙashin baya ba, amma ta ga yadda Husaina ta yi saurin zuge jakarta.

Husaina ta fito da wayar salular da mijinta ya saya mata kwanan nan. Ta kwafi lambar da ke saman takardar, ta fita tsakar gida tana ɗaga wayar sama tana neman sabis. Sai a gindin rijiya ta samu.

'Yardada ta tsaya a bakin ƙofa tana jin ta tana gaisuwa, tana faɗin sunanta da asibitin da take aiki. Can Husaina ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Baba, ya ce da kai zai yi magana."

Malam Ashafa ya taso a hankali, ya sa takalmi, ya karɓi wayar da hannu biyu kamar mai karɓar kwano.

"Wa alaikumus salam, likita. Lafiya lau. A yi haƙuri, laifina ne."

Ya saurara.

"Na'am. Eh, mun yi magana da iyali. Na amince da na ƙanƙarar."

Ya sake saurarawa. Wannan karon ya jima. 'Yardada tana kallon bayan wuyansa, ta ga ya miƙa hannu ɗaya ya dafa bakin rijiyar.

"Yau ɗin nan?"

Ya kasa kunne.

"To. In sha Allahu."

Ya miƙa wa Husaina wayar.

"Baba, me ya ce?"

"Ya ce sati guda yana neman yadda zai same ni. Hoton ya fito."

"Me aka gani?" in ji 'Yardada.

"Ya ce ba maganar waya ba ce. In same shi kafin ƙarfe huɗu."

"La'asar fa, Malam?"

Tunda ya karɓi limanci, ba ta taɓa ganin yana gari an yi sallah wani ne a gaba ba.

"Husaina, leƙa gidan Malam Isyaku ki ce ya ja wa mutane La'asar. Idan ya tambaya, kada ki ce masa gwiwa. Ki ce na tafi asibiti."

Husaina ta nufi soro da sauri.

Ya juyo ya dubi matarsa.

"Ya ce kada in zo ni kaɗai. Ɗauko mayafinki."